Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Masaukin Kakana a Gangare

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar mahaifina da yadda aka mayar da ni hannun kakana na wajen uba a unguwar Gangare, cikin garin Jos. Wannan makon zan yi bayanin gidan kansa, domin a cikinsa na yi wayo, kuma da yawa daga abin da zai biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san irin gidan da na tashi.

Gidan masauki ne na 'yan kuza. Kakana, wanda 'ya'yansa da jikokinsa da baƙinsa duka muke kira Malam, mutumin ƙasar Kano ne daga wajen Ririwai, inda tun kafin zuwan Turawa ake wanke kuza a rafi, a narka ta, fatake su saya su kai kasuwanni. Irin wannan kuza Turawan kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa suka bi sawunta, har injiniyansu Laws ya iso yankin a 1903, daga baya ya kafa sansani a Naraguta. Malam ya zo yana saurayi, ya shiga cikin 'yan dakon da ke ɗaukar kuza a ka su gangara da ita har Loko, bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa. Da ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso a 1914, wannan dako ya mutu, sai ya tattara abin da ya tara ya kafa zaure da 'yan ɗakunan tubali, yana ƙara ɗaki duk shekarar da hali ya samu.

Abin da ya hango shi ne, da zarar an gama girbi, manoma daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Barno, har da na yankunan da Faransa ke mulka, sukan kwararo cin rani domin neman kuɗin haraji da na aure. Kamfanoni suna da barikokinsu a Bukuru da Barikin Ladi da sauran wurare, amma mutumin da ya sauka a tasha da yamma, bai san kowa ba, yana buƙatar wurin kwana da tuwo, sannan yana buƙatar wanda zai gaya masa wane helima, wato shugaban lebura, ne ke ɗibar ma'aikata a wannan mako, kuma wanne ne ke rage wa mutane kwanakin aiki idan an zo biya. Malam ya san helimomi ɗaya bayan ɗaya, domin da yawansu tare suka yi dako. Baƙo yakan yi sallama a zaure ya ce, "Maigida, an ce in zo wajenka," shi kuwa sai ya tambaye shi garinsu da sunan mai unguwarsu, ya haɗa shi ɗaki da mutanen ƙasarsu.

Sanyi shi ne babban abokin gābar baƙinmu. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma Basakkwacen da ya taho da riga ɗaya a tsakiyar hunturu, ga shi zai yini tsaye cikin ruwa yana wankin kuza ko yana ɗaukar ƙasa a kwano, ciwon haƙarƙari ba ya daɗewa bai kama shi ba. Saboda haka akwai ɗaki guda a gidan da ba a ajiye komai cikinsa sai barguna da tsofaffin buhuna. Aikina na farko a duniya shi ne raba su da magariba da karɓo su da safe. Malam kuma ba ya kwanciya sai ya zaga ɗakunan ya tabbatar babu wanda ya rufe ƙofa da kaskon gawayi a ciki, domin ya taɓa fitar da gawa saboda haka tun kafin a haife ni. A cikin gida kakata, Inna, ita da kishiyarta suke tuƙa tuwon dawa a manyan tukwane, wani lokaci su yi gwaten acca da suke saya wajen matan Birom masu kawowa kasuwa.

'Yan uwana na yanzu sukan ba da labarin gidan kamar sadaka tsantsa Malam yake yi. Ba haka abin yake ba, kuma ba na ganin faɗin gaskiyar zai rage masa daraja. Sana'a ce. Baƙo yana cin abinci bashi har ranar biya, helima yana ba Malam ɗan wani abu a kan kowane leburan da ya tura masa, kuma wanda ya aro kuɗin mota ko na magani yakan biya da aikin makonni. Na ga mutanen da damina ta faɗi suna Jos, gonakinsu suna jira a gida, saboda bashin da ke kansu bai fita ba. Sai dai a bariki, inda sarkin bariki da magajiya ke riƙe da caca da giya da mata masu zaman kansu, albashin mako yakan ƙare a daren da aka karɓe shi. Mai son ya koma gida da wani abu a hannu sai ya kawo wa Malam ajiya, shi kuwa ya rubuta da ajami a wani babban littafi mai bangon fata: sunan mutum, sunan ubansa, garinsu, da adadin fam da sule da kwabo.

Lokacin da Inna ta fi yawan ambata shi ne zamanin ɗiban gwamna. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnati ta sa hakimai da dagatai su riƙa ɗebo mutane dole ana kawowa haƙa, aka ci gaba da haka har 1944. A 1943 kuzar da aka haƙa ta haura tan 17,000, amma mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da ƙarancin abinci da cuta. Waɗannan ba baƙin masauki ba ne, a sansanoni ake tsare su, sai dai masu gudu sukan ƙwanƙwasa ƙofar gidanmu da tsakar dare. Inna ta ce Malam ba ya tambayarsu daga ina suke, yakan shigar da su ɗakin barguna, a ba su kunu, kafin asuba a nuna musu hanyar da ba za ta bi da su ta tasha ba. Sunansu ba ya shiga littafi.

Ni a zamanin kwalambait na zo duniya, wato shekarun 1950, lokacin da Amurka ke saye da tsada wannan baƙin yashi da a da ake zubarwa bayan an tace kuza. A lokacin ne aka yaye rufin ɗakunan aka buga kwano. Daga nan abubuwa suka fara ja da baya: kasuwar kwalambait ta faɗi, aka rufe ƙaramin jirgin Zariya a 1957, manyan kamfanonin kuza irin su ATMN suka dogara da injuna masu aiki da wutar kamfanin lantarki na NESCO fiye da ƙarfin mutum, kuma motoci suka sa ɗan cin rani ba ya buƙatar fatoma, wato mai masauki, kamar da. Kafin farashin kuza ya rushe gaba ɗaya a duniya a 1985, ɗakunanmu sun riga sun koma na haya, makanikai da masu tireda ne a ciki.

Malam ya rasu jim kaɗan bayan canjin kuɗi na 1973, lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Bayan sadakar arba'in aka taru a zaure domin rabon gado, kuma babban baffana ya riga ya samo mai sayen gidan. Malamin da aka gayyato ya tambaya ko akwai bashi ko amana a kan mamaci, domin a shari'a sai an fitar da su kafin magada su taɓa komai. Baffa ya ce babu. Gwaggona, wadda ita ce babba a cikinsu, ta yi magana daga bayan labule ta ce, "Malam, a gafarce ni, akwai littafi." Da yake ni na yi karatun allo a gaban Malam kuma na saba da hannunsa, ni aka sa na karanta.

Yawancin sunayen an ja musu layi, alamar mai ajiya ya karɓi abinsa. Amma a kusan kowane shafi akwai ɗaya ko biyu da babu layi a kansu, mutanen da suka ajiye sule goma ko fam guda suka tafi bariki ba su dawo ba, ko rami ya rufta da su, ko ciwo ya ɗauke su, ko kuma sun bi wata hanya. Kuɗinsu yana nan a ƙulle cikin akwatin ƙarfe, wasu tsabar ma irin ta zamanin da ce mai huda a tsakiya, wadda aka daɗe da daina karɓa. Baffa ya ce, "Yaya, waɗannan mutane ƙasa ta daɗe da cinye su, wa zai zo nema?" Gwaggo ta amsa masa cewa mahaifinsu bai taɓa kuɗin ba duk da wahalar da ya shiga a ƙarshen rayuwarsa, don haka ita ba za ta sa hannu a sayar da gida ba sai an nemi magadansu. Malamin ya goyi bayanta, ya yanke cewa a ƙiyasta ajiyar da kuɗin yanzu a cire daga dukiya, wanda aka samu danginsa a ba su, wanda aka rasa a yi sadaka da niyyarsa.

Wannan jinkiri ne ya sa mai saye ya janye, gidan ya tsira har yau, ko da yake ɗakunan da ke bakin titi an fasa su an mayar da su shaguna. Zauren yana nan da azararsa ta asali. Na sha kai 'ya'yana gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda ake nuna kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka tono, kuma a gefensa aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ban ga irin ɗakin da leburan da ya tono su ya kwana ba, kuma ire-iren gidanmu a Gangare da Dilimi suna ta komawa benaye da shaguna ba tare da wani ya ɗauki ko hotonsu ba. A ganina zaure ɗaya daga cikinsu ya cancanci hukuma ta adana shi.

Tun da ni na karanta littafin, ni aka ɗora wa neman masu ajiyar, aka haɗa ni da ƙanin Inna muka fara da sunayen mutanen ƙasar Katsina, domin su suka fi yawa. Labarin wannan tafiya, da abin da muka tarar a ƙauyen farko, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.