Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hannun da Hajiya Ta Ce Son Jiki Ne

Makon jiya na tsaya a ranar da taɓarya ta suɓuce mini a tsakar gidan Hajiya. Har yau muryarta na kunnena: "Yarinya ɗanya shakaf, dakan mudu biyu ya gagare ki? Son jiki ne." Shekara biyu ina haɗiyar wannan magana. Hannun hagu ne. In na ɗaga shi, ko shanya ko kitso, sai ya mutu murus, ya yi sanyi. Ga zazzaɓin dare, ga rama. Maganin maleriya da taifod kuwa na sha har na daina ƙirgawa. Inna kaɗai ke cewa, "Ku ƙyale ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Wata nas ce ta fara lura. Ta ɗaura abin awon jini a hagu, shiru. Ta laluba wuyan hannuna, babu bugu. Ta koma dama, ga shi nan daram. Ban manta yadda ta ajiye biro ta fita kiran likita ba.

Likita ya ce a yi mini sikanin. Ni a sanina sikanin na masu ciki ne. Sai ga shi an kwantar da ni a ɗaki mai duhu, an sa matashi ƙarƙashin kafaɗuna, an shafa mini wani mai mai sanyi a wuya. Likita ya juyo da allon ya ce, "Malama, duba nan. Kaurin bangon wannan jijiya bai kamata ya kai milimita 1 ba. Naki ya haura 2, kuma kumburin ya zagaye ta kamar makaroni." Da ya gangara ƙasan ƙashin wuya, inda jijiyar hannu take, hanyar ta tsuke, ja da shuɗin da ke nuna gudun jini a allon suka cakuɗe, na'urar tana huci fuu, fuu. Na fashe da kuka. Ya zaci tsoro ne. Wallahi daɗi ne, yau an ga yoyon da ido.

Ya ce sunan ciwon Takayasu, sunan likitan idon ƙasar Japan da ya bayyana shi a 1908. Garkuwar jiki ce ke far wa babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta, kuma ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40.

Aka ɗora ni kan prednisolone, maganin kwantar da kumburi, fuskata ta cika tam. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin gani? Da ma hutu take nema." Na yi shiru. Baban Ummi ma shiru ya yi, kuma wannan shirun nasa ya fi maganarta yi mini ciwo.

Tun daga nan duk wata shida nake komawa. Gwajin jini yana iya nuna kumburi ya lafa alhali jijiya na ci gaba da tsukewa, shi ya sa ake auna bangon a wuri guda, a gwada da na baya. Kaurin ba ya komawa yadda Allah ya yi shi. Ƙaruwarsa ake tsoro. Da yake sauti na'urar ke aikawa, ba irin hasken hoton ƙashi ba, har da cikin Auta an yi mini. Amma ba ta hango jijiyar cikin ƙirji sosai, ƙashi da huhu sun tare. Wannan sai da siti sikan, kuma awarwaron aurena ne ya biya.

Inna ba ta ga ko ɗaya daga hotunan nan ba. Ta rasu wata huɗu kafin ranar nas ɗin nan. Da hoton farko na fito, baƙi-baƙi, bai fi tafin hannu ba, na tsaya bakin titi ina tunanin wa zan kai wa.

Hajiya na kai wa. Ta juya shi sama da ƙasa, ta miƙo mini ta ce, "Allah ya sawwaƙe." Ko "ashe" ba ta ce ba. Yanzu da ƙafa ta kwantar da ita, ni nake dama mata kunu, da hannun dama.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi maganar kishiya ta taso.