Kwanakin gab da haila da abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna

A Damagaram in mace tana canzawa duk wata, yau kuka gobe faɗa, sai ka ji an ce iska ce, ko a ce tsabar masifa. Ƙanwata ta sha wannan magana. Mako guda kafin hailarta barci yake ƙaurace mata, ƙarar turmin maƙwabta a Birni sai ta ji kamar a kanta ake dakan, ta kulle ɗaki ta ƙi kowa. Jini na zuwa, bayan kwana biyu ka gan ta tana ba mijinta haƙuri, kunya ta rufe ta. An yi hayaƙi, an sha rubutu, wata na zagayowa abu ya dawo.

Ciwo ne mai suna, PMDD, wato matsanancin ɓacin rai na gab da haila, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa cikin kundinsu a 2013, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne in aka auna jinin mai shi, sinadaran haila daidai suke da na sauran mata. Tun 1998 masu bincike a Amurka suka dakatar da aikin gaɓoɓin da ke samar da sinadaran haila a jikin wasu mata masu ciwon da magani, ciwon ya lafa. Da aka mayar musu da sinadaran, ya taso, alhali matan da ba su da shi ba su ji komai ba. Ke nan ƙwaƙwalwar masu ciwon ce ba ta jure hawa da saukar sinadarin.

Hoton na'urar IRM, mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, ya nuna inda abin yake. Akwai ɗan sashe can ciki, amigdala, mai kula da tsoro da fushi. An ga a waɗannan kwanaki yana zabura fiye da kima in aka nuna wa matar hoton abin ɓacin rai, sashen goshi kuma, mai danne zuciya, aikinsa ya bambanta da na sauran mata. A 2023 wani bincike a Laifzig ta Jamus ya gano cewa gab da haila abin da ke kwashe serotonin, sinadarin da ke taimakawa wajen daidaita yanayin zuciya, a ƙwaƙwalwarsu yana ƙaruwa. Wannan ya dace da yadda magunguna irin su fluoxetine, masu hana kwashe serotonin, ke aiki cikin 'yan kwanaki, har likita kan ce a sha su a mako biyu na kafin haila kawai.

Ba da hoto ake gane ciwon ba, kada kowa ya sayar da akuya ya nufi Yamai. Abin da aka nema wurin ƙanwata kaye ne da biro: kowane dare ta rubuta yadda ta wuni, har haila biyu, ta kai wa likita. Na ce mata, "Ƙanwata, ranar da kika ji rayuwa ta ishe ki, kar ki jira kayen ya cika, ki kira ni mu tafi a ranar."