Kunkuruna da wutar mai a goslon Oshodi

Motar da na gada wurin kawu Volkswagen Beetle ce mai inji 1600, cikin waɗanda aka harhaɗa a Ojo da ke Legas bayan an buɗe masana'antar a 1975. Yarabawan layinmu a Agege suna ce mata Ijapa, wato kunkuru. Ba lagireto, ba ruwa. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya ta, man ma lita biyu da rabi kacal.

Da safe lafiya lau take tashi. Amma in na shiga goslon Oshodi da azahar, inji ya ɗau zafi, sai wutar gargaɗin ƙarfin mai ta fara ƙyafta ido a silo. Na taɓa totur ta ɗauke, na saki ta dawo. Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su a Ikko. Wannan ya ce in zuba mai mafi kauri, wancan ya ce in je kasuwar kayan mota ta Ladipo in sayo babban famfon baƙin mai mai milimita 30. Wani ma cewa ya yi in cire wayar wutar in huta, kamar rufe ido zai hana damina zuwa.

Wani dattijon makanike da ya tsufa a kan tsofaffin danfo na kai wa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce da gurguwar Hausarsa: "Alhaji, wuta ba geji ba ne." Ya kwance suwic ɗin da ke kunna wutar, ya ɗaura gejin auna ƙarfin mai a gurbinsa. Ashe suwic ɗin ba ya kunna wuta sai ƙarfin mai ya faɗi ƙasa da psi 6 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne) ko kusa da haka, kuma in ya tsufa yana iya yin ƙarya. Nawa dai gaskiya yake faɗa. Da sanyi allura ta haura 50, da muka zagaya muka dawo ta tsaya a 4 a silo. Lissafin masu wannan inji shi ne psi 10 a kowane juyi 1,000 na inji a minti, ni kuwa a 2,500 da ƙyar na ga 18.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan bawul da ke ƙasan inji, fistin ne ƙarami kan sifirin. In mai yana da sanyi da kauri, ƙarfinsa yakan danne fistin ɗin, man ya wuce kai tsaye ba tare da ya bi ta kula, wato abin sanyaya mai, ba. In ya yi zafi ya tsinke, sifirin ya mayar da fistin, sai man ya bi ta kula ya huce. To ka ga mai mai kaurin tsiya ko ƙaton famfo na iya ruɗar bawul ɗin, geji ya nuna maka lamba mai daɗi alhali man yana kauce wa kula, inji na dahuwa. Da Baba makanike ya zaro nawa, duk ya karce, yana maƙalewa.

Sai da muka sauke inji muka buɗe rumfar fanka na ji kunya. Kula ta toshe da ƙura da maiƙo kamar an shafe ta da laka, har da guntun leda. Robar da ke zagaye inji ta ruɓe tun tuni, zafin salansa yana dawowa fanka tana sake zuƙarsa. Muka wanke kula da rariyar mai, domin motar ba ta da filta, muka sa sabuwar roba da fambel, muka saita tazarar bawul-bawul na kan silinda a milimita 0.15, muka zuba baƙin mai 20W-50.

Yanzu da zafi ina samun 9 a silo, 26 a juyi 2,500. Baba ya girgiza fuli ya ji ɗan wasa, ya ce metal, wato boris na cikin inji, sun fara cinyewa, in tara kuɗin buɗe inji kafin babbar sallah. Gejin na bar shi a ƙarƙashin sitiyari, kuma ranar Juma'a da yamma ba na bi da ita ta Oshodi.