Daga Garwa zuwa Yawunde a jirgin dare, a kan layin da ke jiran gyara

Makon da ya wuce na dawo gida Garwa, a arewacin Kamaru, daga Yawunde, inda na raka Baffana ganin likitan ido, kuma tun da na sauka babu hirar da nake kawowa a majalisa sai ta jirgin ƙasa da halin da na tarar da layinsa a ciki. Da yake dogo bai iso garinmu ba, a Ngaundere ya tsaya, dole muka fara da mota, tafiyar kilomita kusan 275 wadda ba zan ɓata lokaci a kanta ba, in ban da abin da ya faru a wani shingen bincike kafin mu fara hawan dutsen da ya raba kwarin Binuwai da tudun Adamawa. Wani mai kaki ya karɓi katin shaidar Baffa, ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton bai yi kama da shi ba, sannan ya daka masa tsawa da Faransanci cewa ya sauko. Dattijon da ba ya gani sosai aka tsayar a rana ana nuna shi da yatsa. Na ce masa, "Shef, wannan fa sa'an mahaifinka ne," ya ce shi ba da shekaru yake aiki ba, kuma bai mayar da katin ba sai da direba da wasu fasinjoji suka sa baki. A unguwarmu yaron da ya yi wa mai furfura haka ba zai kwana ba a kai ƙararsa gidansu ba. Na kawo wannan ne domin yana cikin dalilan da suka sa tsofaffi da mata masu goyo suke fifita jirgi, inda mutum ke hutawa daga sauka da hawa a kowane shinge har gari ya waye.

Mun isa Ngaundere da azahar, muka sauka a Sabon Gari wajen wani Alhaji mai fataucin shanu, abokin Baffa tun suna samari. A Garwa a wannan lokaci tsakar gida ake kwana saboda zafi, nan kuwa la'asar na yi mai masaukinmu ya aiko wa Baffa da rigar sanyi. Ashe tun jajibirin zuwanmu ya tura ɗansa tasha ya yankar mana tikitin ɗaki mai gado huɗu, da na miƙa masa kuɗin sai ya ture hannuna ya ce, "Ɗana, mayar da su aljihu, ka saya wa Baffanka magani." Bai tsaya nan ba, sai da aka ƙulla mana kilishi da dambun nama, aka cika mana fulas da shayi. Gado a ɗakin mutum huɗu sefa 25,000 ne, a ɗakin mutum biyu 28,000, kujerar aji na farko 17,000, ta aji na biyu kuma 10,000. A ganina kuɗin gado ya yi wa talaka nauyi, musamman yanzu da kwalta ta haɗe Ngaundere da Yawunde ta Maiganga da Garwa-Bulai da Bertuwa, manyan motocin fasinja suna jigila ba dare ba rana. Amma babu motar da za ta ba mara lafiya wurin miƙe ƙafa, da makewayi, da ruwan alwala, ta kuma bar shi ya yi sallarsa a natse.

Kafin a kira fasinjoji na zaga bayan tasha, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Dilolin audugar ƙasarmu ta arewa suna jiran a kai su tashar ruwa ta Duwala, manyan motoci masu lambar Chadi sun yi jerin gwano suna jiran kayan da jirgi ya kawo daga teku, ga taragun mai, ga taragun shanu. Duk wannan nauyi a kan layi guda ɗaya yake bi, mai faɗin mita ɗaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma a kansa ne mu ma za mu kwana.

Bayan magariba jirgi ya tashi. Allah ya haɗa mu ɗaki ɗaya da wani dattijo mutumin yankin Belabo, tsohon leburan dogo da ya yi ritaya, wanda ya koyi Hausa a wajen mahauta da fatake, kuma rabin abin da na fahimta game da layin daga bakinsa na ji shi. Mun yi nisa kaɗan sai tarago ya fara girgiza kamar ana tankaɗe gari a rariya, shayin da na zuba wa Baffa ya fantsama a kan zanen gado. Dattijon ya ɗaga yatsa ya ce, "Alhaji, saurara da kyau, wannan ƙarar mahaɗar ƙarfe ce da ta saki." Ya bayyana mana cewa ƙarfen dogo yana cinyewa ne ta gefe a wuraren kwana, abin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa yana ruɓewa ko ya tsage, tsakuwar da ke riƙe da shi kuma tana nutsewa cikin laka idan damina ta yi ƙarfi, saboda haka matuƙi ba shi da zaɓi sai ya rage gudu a duk inda aka kafa masa alama. Tun da layin ɗaya ne, jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha, idan ɗaya ya makara kuwa duk na bayansa da na gabansa sun makara ke nan.

An fara gina wannan layi daga Yawunde a 1964, ya kai Belabo a 1969, ya iso Ngaundere a 1974 a zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, tsawonsa kilomita 622, da kuɗin da aka samo daga Amurka da Faransa da asusun raya ƙasashe na Turai. Hukumar gwamnati mai suna Regifercam ce ta riƙe shi har 1999, lokacin da aka damƙa tafiyar da shi ga kamfanin Camrail. Kilomita 330 da ke tsakanin Ngaundere da Belabo, wato daidai inda muka yi rabin darenmu, ba a taɓa sabunta su gaba ɗaya ba tun da aka buɗe su, sai dai faci nan da can. Ƙarfen da ya haura shekara 50 yana ɗaukar kayan ƙasa biyu ya yi iyakar abin da zai iya.

A Ngaundal ne na yi cinikin da nake alfahari da shi. Jirgi na tsayawa mata da yara suka yanyame tagogi da fitilu a hannu, suna tallan zuma da ayaba da piya da ƙullin rogo. Wata mata ta ɗago mini kwalbar zuma ta ce jaka uku, wato sefa 3,000, na taya jaka ɗaya da rabi, ta ce, "Haba Malam, ƙudan zuman ma ba zai yarda ba," muka daidaita a jaka biyu, ta ƙara mini da ayaba. A kasuwar Garwa irin wannan zumar ba za ta zo hannunka a wannan kuɗi ba, kuma sau da yawa sai ka tarar an sirka ta da sukari. Abin da ya burge ni da masu tallan nan shi ne amana, domin jirgi ya fara motsi canjin wani fasinja yana hannun wani yaro, yaron ya bi tarago da gudu a cikin duhu har sai da ya jefa masa kuɗinsa ta taga.

Mbitom muka isa tsakar dare, amma garin a farke yake kamar ranar kasuwa, kowa da abin sayarwarsa a ka. Dattijon ya ce mutanen wannan yanki ba su da wata hanyar kirki in ba dogo ba, da jirgi suke kai mai naƙuda asibiti, da shi ɗalibi ke komawa makaranta, kuma mintocin da yake tsayawa su ne cinikin yini na gidaje da yawa. Daga nan na fara kallon maganar gyaran layi da wani ido. Mu mutanen Garwa da Marwa idan jirgin fasinja ya daina tafiya za mu sha wahala, amma za mu hau mota. Mutumin Mbitom ba shi da motar da zai hau.

Maganar kuɗin gyara ita ce ta ci sauran hirarmu, har wani malamin makaranta da ke gado na sama ya sauko ya shiga ciki. A 2021 Bankin Zuba Jari na Turai ya amince da bashin yuro miliyan 106 domin sabunta layin Belabo zuwa Ngaundere, Tarayyar Turai ta ƙara da kyautar yuro miliyan 17, daga baya hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD, ita ma ta shigo da nata bashin. Shirin shi ne a cire tsohon ƙarfe mai nauyin kilo 36 a kowace mita a sa mai kilo 54, a shimfiɗa shi a kan kankare, domin jirgin fasinja ya iya gudun kilomita 90 a awa. A 2022 kuma Bankin Duniya ya amince da kuɗin gyaran hanyar sufuri tsakanin Kamaru da Chadi, wanda ya haɗa da layin Duwala zuwa Yawunde. Malamin ya ce shi bashi ba ya burge shi, tun da 'ya'yanmu ne za su biya. Na ce masa ni ma ina tsoron bashi, amma akwai bambanci tsakanin wanda aka ci aka yi biki da shi da wanda aka ci aka shimfiɗa ƙarfen da zai yi wata shekara 50 yana aiki. Abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin ranar sa hannu a takarda da ranar da lebura zai ɗaga tsohon ƙarfe, domin duk daminar da ta wuce tana ƙara lalata layin, tana kuma ƙara tsadar aikin. Wajibi ne 'yan majalisarmu na jihohin arewa uku su riƙa tambaya a fili kilomita nawa aka gama, nawa suka rage, su kuma dawo su faɗa mana da harshen da muke ji.

Akwai wani tsoro na biyu da na faɗa musu. Riba a jigilar kaya take, ba a fasinja ba, ga kuma ma'adinin yin sanholo da ke jibge a Minim-Martap da Ngaundal wanda ta wannan layi ake son fitar da shi zuwa teku. Idan aka gyara dogo da bashin da ke wuyan kowa, sannan aka bar jirgin fasinja yana rakuɓewa a tasha domin taragun ma'adini su wuce, ko aka daina tsayawa a ƙananan garuruwa, to an zalunci waɗanda suka fi kowa buƙatarsa. Ya kamata tun yanzu a rubuta haƙƙin fasinja a cikin yarjejeniya, a kuma sayo sababbin taragu. Babu wanda ya manta da hatsarin jirgin ƙasa na Eseka na ranar 21 ga Oktoba 2016, inda mutum 79 suka rasu a hukumance, a ranar da hanyar mota tsakanin Duwala da Yawunde ta yanke jama'a suka yi tururuwa zuwa jirgi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ana kuma maganar miƙa layin daga Ngaundere zuwa Injamena, muna fatan ya bi ta Garwa da Marwa, sai dai sabon layin ba zai amfane mu ba muddin tsohon da zai haɗa shi da teku yana cikin wannan hali.

Dattijon ya sauka a Belabo kafin asuba, Baffa ya ba shi rabin kilishinmu, ya yi mana addu'a irin ta addininsa, muka ce amin. Can gaba muka hau ɓangaren da aka sabunta a shekarun baya tsakanin Ka'a da Bacenga, kuma ba sai an gaya wa mutum ba, girgizar ta lafa, Baffa ya samu barci. Gari ya waye mana a wajajen Nanga Eboko, daji kore shar, kogin Sanaga yana bayyana yana ɓacewa. Da hantsi muka shiga Yawunde, muka sauka a unguwar Briketeri wajen 'yan uwa, inda tsiren da ake ba ka na jaka ɗaya bai kai rabin na Garwa ba. Likita ya duba Baffa, an ba shi magani da ranar komawa.

A dawowa jirgin ya cika maƙil, kujera kawai muka samu, mun kuma daɗe tsaye a wata ƙaramar tasha muna jiran jirgin kaya ya gifta. Da muka sake sauka wajen Alhaji a Ngaundere na tambaye shi yadda yake kai shanunsa kudu yanzu, ya ce mafi yawa a mota yake lodawa duk da tsadarta, saboda dabba ba ta jure dogon jira a tarago babu ruwa babu ciyawa, amma ranar da aka gama gyaran layin Belabo zai mayar da su jirgi.