Kar ka bari sai ranar da kake da buƙata

Abin da ke damuna game da masu fara sana'a shi ne yadda suke ɗaukar mu'amala da jama'a a matsayin aikin gefe. Jari da kaya da lissafi duk suna da lokacinsu, mutane kuwa sai ranar da buƙata ta taso. Sai ka ga wanda ya yi shekara bai neme ka ba ya kira, kafin a gama gaisawa ya zube maka damuwarsa. Ko kana da niyyar taimako, sai jikinka ya yi sanyi.

A 1976 Steve Wozniak ne ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, har yana raba wa mutane zanenta kyauta. Abokinsa Steve Jobs ne ya taka ya je wurin Paul Terrell, mai shagon sayar da kwamfuta na Byte Shop, ya shawo kansa ya yi odar guda 50. Da wannan odar Jobs ya samo bashin kayan haɗi na kwana 30. Basirar Wozniak babu tamka, amma da babu mai iya magana a gefensa, da ƙila ta tsaya a tsakanin abokai.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne binciken Mark Granovetter, masanin zamantakewa ɗan Amurka, na 1973. Ya gano cewa masu samun aiki ta hanyar wani, galibi ta hannun wanda suke haɗuwa jefi-jefi suke samu, fiye da aminansu. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani. Wanda kuke gaisawa daga nesa kuwa yana shiga inda ƙafarka ba ta kaiwa.

Na san wata mai ɗinki, ba ta da surutu ko kaɗan. Tana da ɗan littafi da take rubuta abin da mai kaya ya faɗa mata a hira, cewa mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, ko 'yarsa na shirin jarrabawa. Bayan mako guda sai ta kira ta tambayi mai jiki, ba ta ko ambaci ɗinki. Idan aiki ba zai kammala ranar alkawari ba, ita ke riga faɗa. Mafi yawan sababbin masu kawo mata aiki, tsofaffin ne suka turo su, wasu ma daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba.