Faɗin magudana shi ke yanke girman ɗigo

Na daɗe ina murɗa famfon sirinji (injin da ke tura ruwa a hankali) ina neman ƙananan ɗige-ɗigen ruwa a cikin mai, a wata 'yar na'urar ɗakin gwaji mai siraran magudanai, kafin na gane cewa tun wajen zana magudana ake yanke girman ɗigo. Famfo gyaran fuska kawai yake yi.

Da mahaɗa mai siffar T na fara, a kan robar PDMS (roba mai laushi da ake yin magudanar a jikinta, a manna ta da gilashi), faɗin magudanar mikromita 100 (mikromita 1,000 ne milimita ɗaya). Mai yana bin miƙaƙƙiyar hanya, ruwa yana shigowa ta gefe. Idan gudun bai yi yawa ba, ruwan yakan leƙo ya tare hanyar, matsin mai ya taru a bayansa har ya tsinke shi. A wannan yanayi tsawon ɗigo ba ya kasa faɗin magudanar. In ruwa da mai suna shiga daidai wa daida, tsawon yakan kai kusan ninki biyu na faɗin, wajen mikromita 200 ke nan. Na rage ruwa na ƙara mai, ɗigon ya gajarce ya nufi 100, daga nan ya cije. Sai da gudun mai ya yi ƙarfi sosai sannan ya fara fizge ɗigo tun bai cika hanya ba.

Shi ya sa na koma zanen da mai ke zuwa ta gefe biyu, ya matse ruwa a tsakiya, su kutsa tare ta maƙogwaro, wato matsattsiyar hanya, mai faɗin mikromita 30. Nan ɗigon ya fito kusa da faɗin maƙogwaron. Amma ƙunci yana da tsada: a bututu mai da'ira, in aka raba faɗi biyu, matsin da ake buƙata don gudun ya zauna yadda yake ya ninku sau 16. Dogon maƙogwaro ya ɓamɓare mini roba daga jikin gilashi, don haka a gajarta shi. Ƙura ɗaya tana toshe shi, sai a tace ruwan da matacin mikromita 0.2. In kuma aka zarce da gudu, ruwan yakan miƙe kamar zare ya tsinke can gaba, manya da ƙanana a cakuɗe.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne bango. Bayan an manna PDMS da gilashi ta hanyar filasma (iskar gas da aka caja da lantarki), bangon yakan so ruwa na ɗan lokaci. Sai ka ga ruwa ya lafe a gefe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da mai, babu ɗigo ko ɗaya. Yanzu nakan bar na'urar ta kwana a tanda, in fara cika ta da man da aka sa wa Span 80 (sinadarin da ke hana ɗige-ɗige haɗewa) kashi 2 cikin 100, sannan in saki ruwa.

Wajen awo kuma a duba zurfin magudana. Ɗigon da ya fi zurfin girma yakan baje kamar faifai, daga sama ya yi kamar ya fi ainihinsa girma. Kada a ɗauki hoto sai mintuna sun wuce bayan sauya gudu, domin tiyo mai laushi da kumfar iska a sirinji suna jinkirta daidaituwar matsi.