Talata a laburaren Kingsbridge

Yau ban je aiki ba. Dattijuwar da nake kula da ita 'yarta ta zo ta kai ta ganin likita, aka ce in huta. Raina ya so in kwanta in miƙe wannan bayan nawa da ya daɗe yana ƙorafi, amma tun makon jiya na kama lokaci da mai ba da shawara kan neman aiki a laburare, ƙarfe 11 na safe. Na sallami yara makaranta, na ɗora miyar dare don kada in dawo in same ta tana jirana, na zuba takarduna a jaka: kwalin digiri, takardar bautar ƙasa, da CV ɗina mai shafi huɗu da na taho da ita tun daga Kano.

Sanyin Janairu na Bronx, a nan birnin New York, ba ya jin lallashi. Na hau jirgin D na sauka Kingsbridge Road, na taka kaɗan zuwa Bronx Library Center, dogon ginin nan mai gilasai da aka buɗe a 2006. Na sha wuce shi idan zan je sayayya Fordham, kuma na sha kawo yara sashensu, amma ban taɓa shiga don buƙatar kaina ba sai yau.

Matar da ta karɓe ni za ta girme ni kaɗan, daga lafazinta 'yar tsibiran Karibiyan ce. Ba ta fara da takarda ba. Tambayata ta yi me nake yi yanzu, me nake so in koma yi. Na ce mata ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, dala 19 da ɗoriya a awa, kuma ba na raina shi, da shi muke biyan haya, da shi nake aika wa Umma kuɗin magani. Sai dai ɗaga mutum daga gado zuwa kujera kullum ya fara cin ƙarfina, kuma ni akanta na karanta a Jami'ar Bayero, na yi aikin lissafin kuɗi a wani kamfani kafin mu taso. Ina so in koma ga lissafi. Na daɗe ban faɗi wannan maganar da bakina a gaban wani ba, har sai da muryata ta ɗan yi rawa.

Sannan ta karɓi CV ɗin, ta ɗauki biro. Ranar haihuwa, ta ja layi. Jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, matar aure, duk ta ja layi. Hotona da ke saman shafin ta ce a cire. Na ce mata a gida ba a karɓar takarda babu waɗannan, musamman aikin gwamnati, domin ana raba gurabe ne tsakanin jihohi, dole a san daga ina ka fito. Ta saurara sosai, ta ce ta fahimta, amma a nan doka ta juya ta ɗaya gefen. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana mai ɗaukar aiki ya bambanta mutane saboda addini, launin fata, jinsi ko ƙasar asali, wata dokar ta 1967 kuma ta kare waɗanda suka kai shekara 40. Saboda haka kamfanoni da yawa ba sa ma son ganin irin wannan bayani a takarda, kada gobe a ce da shi suka yi hukunci. Shafi huɗu suka koma ɗaya da 'yan layuka.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya zo bayan nan. Ta nuna wurin da shekarun aikin kula da tsofaffi suke, inda na rubuta layi ɗaya tak, ta ce me ya sa na taƙaita. Na ce ai ba shi da alaƙa da lissafi. Ta ce to wa ke rubuta lokacin shan magani da abin da aka ci, wa ke cike takardar awanni, wa ke riƙe rasit idan an aike ni sayayya da kuɗin tsohuwa? Na ce ni ce. Ta ce an ba ki amanar gidan mutum da kuɗinsa shekara da shekaru ba a taɓa samun ki da kuskuren kwabo ba, wannan shi ne abin da mai neman akanta yake son ji. Ta ƙara tambaya ko akwai wani lissafi da nake riƙewa a waje. Sai na tuna adashin matan masallacinmu, wanda littafinsa yake hannuna tun da aka fara: wa ta zuba, wa ta ɗauka, wa ake bi, da asusun da muke tarawa idan an yi rasuwa ko haihuwa. Na yi mata bayanin yadda adashi yake tafiya. Ta ce a wurinsu ma akwai irinsa, mahaifiyarta ta yi shi har ta tsufa. Ta sa na rubuta shi a matsayin aikin sa-kai na riƙe asusun ƙungiya, da yawan mambobi da yadda nake fitar da rahoto duk wata. Wallahi ban taɓa kallon wannan littafin a matsayin aiki ba. Ina ganin shekarun nan kamar gona ce da na bari ta yi saura, ashe ana ta noma a cikinta ban lura ba.

Ta kuma yi min bayanin cewa a manyan kamfanoni manhaja ce take fara tace takardun masu nema kafin idon mutum ya gan su. Don haka kowace talla ta aiki sai in karanta ta da kyau, in ga kalmomin da suka yi amfani da su, idan da gaske na iya abin, in rubuta shi da irin kalmominsu. Ba CV ɗaya ake watsa wa kowa ba. Ta buɗe wata talla ta nuna min inda aka rubuta mafi ƙaranci da mafi yawan albashin, ta ce tun Nuwamban 2022 dokar birnin New York ta wajabta haka, kuma tun 2017 an hana mai ɗaukar aiki ya tambayi nawa ake biyan mutum a wurin da ya baro. Wannan ya kwantar min da hankali, don abin da nake tsoro kenan, a ji albashina na yanzu a gina sabon a kansa.

Na yi ta juya wata tambaya a zuciyata, daga ƙarshe na fito da ita: hijabina fa, ranar intabiyu? Ba ta yi wata-wata ba ta ce in sa abina. Ta ba ni labarin Samantha Elauf, yarinyar da wani kamfanin tufafi ya ƙi ɗauka saboda mayafinta, aka kai har Kotun Ƙolin Amurka, a 2015 kotu ta goyi bayanta. Na san doka daban, zuciyar mutane daban, kuma ita ma ba ta ɓoye min hakan ba. Amma sanin cewa akwai inda za a tsaya a yi magana yana sa mutum ya shiga ɗaki da kafaɗa a miƙe.

Maganar digiri ce mai ɗan tsawo. Kwalin da ke jakata ba zai wadatar ba shi kaɗai, sai wata hukuma ta auna shi ta faɗi daidai da me yake a tsarin karatun nan. Ta ambaci WES, ta ce su ba daga hannuna za su karɓi takardar makin darussa ba, dole jami'a ce za ta aika musu. Akwai kuɗi a ciki, kuma wannan laburare ba ya biya. Ta rubuta min sunan Upwardly Global, ƙungiyar da ke taimaka wa baƙi masu digiri daga ƙasashensu su koma fagen da suka karanta. Ta ce in kuma riƙa duba jadawalin jarrabawar shiga aikin gwamnatin birni da hukumar DCAS ke fitarwa, domin a can makin jarrabawa ne ke jera mutane, ba wa ka sani ba, ko da yake jiran kira yana iya daɗewa. Abin da zan fara yau kuwa kyauta ne: da lambar katina na laburare zan shiga shafin koyon darussa na LinkedIn Learning in yi kwas na manhajojin lissafi QuickBooks da Excel, ko daga waya a gida. A da hannu da tsohuwar manhaja na yi lissafi, dole in sabunta.

Da muka gama na sauko wurin kwamfutoci don in gyara takardar tun abin yana kaina. Ina zama na ce bismillah, sai na ji na kusa da ni ya ce, "Hajiya, ina wuni?" Na juya da mamaki. Wani bawan Allah ne ɗan Damagaram, tasi yake ja, ya ce ya gaji da zaman mota awa goma sha biyu ba tabbas, yana shirin jarrabawar lasisin tuƙa manyan motoci. Ya nuna min tambayoyin gwaji da yake yi a shafin shirin jarrabawa na LearningExpress, ya ce duk wadda ya faɗi sai ta nuna masa dalili. Na ce, "Malam, Allah ya ba da sa'a." Ya ce, "Amin Hajiya, ke ma Allah ya buɗa." Kowa ya koma kan allonsa. A layin namu akwai wani dattijo da ma'aikaciya ke koya wa yadda ake maƙala takarda a imel, ta maimaita masa ba ta ɗaga murya ba, ba ta karɓe linzamin daga hannunsa ba.

A jirgi ina dawowa na tuna Laburaren Murtala Muhammad a Kano, inda muke zuwa karatu idan jarrabawa ta matso. Ina son wurin har yau. Amma abin da na taso da shi shi ne laburare na ɗalibi ne, idan ka gama makaranta kun rabu. Ina jin da wannan tunanin da yawanmu muka ƙetaro, shi ya sa muke kai yara mu tsaya a bakin ƙofa.

Bayan magariba Hajiya maƙwabciyata, mutuniyar Kumasi, ta leƙo karɓar tukunyarta. Na ba ta labari. Ta ce ɗan ƙanwarta ya biya wani mutum kuɗi masu yawa ya rubuta masa CV, har yau ko kira ɗaya bai samu ba. Na ce, "Hajiya, ki turo shi, ba a biyan ko sisi." Ta yi shiru, sannan ta rage murya ta ce takardunsa ba su gama fitowa ba, kada a je a rubuta sunansa a wani wuri. Na gane tsoronta, ba na wasa ba ne. Na faɗa mata abin da na sani: shiga laburare a zauna ba ya buƙatar komai, katin kuma shaidar suna da adireshi ake nema, kuma suna karɓar IDNYC, katin da birni yake bayarwa tun 2015 ba tare da tambayar matsayin zaman mutum ba. Dokar jihar New York ta sa bayanan masu amfani da laburare sirri ne. Ta ce ita kanta ta daina zuwa ne tun da jikarta ta makara da littattafai, tana tsoron tara. Na ce an soke tarar makara tun Oktoban 2021, har tsofaffin basussukan aka yafe. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, mu muna nan ba mu da labari." Wannan ne ke ci min rai. Muna haɗuwa a suna da biki da ta'aziyya, muna sanar da juna inda ake sayar da daddawa da busasshen kifi, amma irin wannan labarin ba ya yawo a tsakaninmu. Ranar Asabar idan mun taru adashi zan ɗauki minti biyar in faɗa, in nuna musu katin a hannuna.

Baban yara ya karanta sabuwar takardar bayan isha'i, ya ce, "Ashe duk wannan ke ce?" Na yi darasin farko na QuickBooks, na gane fiye da yadda na zata, domin shigar kuɗi da fitarsu ba su canza ba, wurin rubuta su ne ya canza. Gobe aiki ƙarfe 7. Kano ta riga mu da awa 6, don haka zan kira Yaya daga tasha kafin in shiga jirgi, in roƙe shi ya leƙa jami'a ya tambayo min yadda ake neman a aika takardar makin da kuma nawa ake biya.